Birkin Ƙarshe na Mu'allim Maigandi

Shekara ashirin da tara ke nan, idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu ta Al-Sih, Mu'allim Maigandi ba ya komawa gida. Yakan tsaya wurin mai tamis ya karɓi gurasa ɗaya mai zafi, ya naɗe ta a jarida, ya jira motar ma'aikata ta kwashe su zuwa Bi'ir Ali. Can warsharsu take, garejin gyaran mota, ba nisa da masallacin miƙati inda masu tafiya Makka ke ɗaura harami. Kafin sauran makanikai su gama hamma, shi ya shimfiɗa kwalinsa a ƙasa, ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba, ya sha shayinsa a tsaye. Daga nan kuma sai ƙafafunsa. Sauran jikin yana ƙarƙashin mota har azahar.

Akwai mutane da yawa a Madina da suka san takalminsa, ba su san fuskarsa ba.

Ban iya yabo ba, shi ma ba ya so. Amma ran Talata zai bar garin nan, kuma akwai maganar da ta kamata a faɗa tun yana jin mu.

Badamagare ne. Ya zo aikin hajji a 1974, ya samu kafil, wato mai tsaya wa baƙo, Abu Saif mai warshar, wanda ya yi masa iƙama, takardar zama, da sunan makaniki. Bayan 'yan shekaru ya kawo matarsa Iyatu. 'Yarsu ɗaya ce, Rakiya, tana gidan aure a Damagaram. Aikinsa iri biyu ne kacal: birki, da ƙafafun mota, wato sifirin da shok da hannuwan ƙarfen da ke riƙe da taya. Inji ba ruwansa. In ka kawo masa maganar inji sai ya nuna maka ƙofar maƙwabta.

"Masu sa mota ta yi gudu sun yi yawa," in ji shi. "Ni mai tsayarwa ne."

Duk wanda ya taɓa kai masa mota ya san tambayarsa. Ba ya fara tambayar me ya lalace. Sai ya dube ka ya ce, "Wa zai hau?"

Ga dalilin. A kowace mahaɗar hannun ƙarfe akwai roba, bushin. In ka ɗaure notin tamau mota tana rataye a kan jak, da ka sauke ta nauyi ya danne, sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe, kafin wata shida ta yage. Don haka shi yakan sa notunan sako-sako, ya ɗaura wa kowanne ɗan jan zare daga kayan ɗinkin Iyatu don kada a manta da ko ɗaya, ya sauke motar a kan katakai masu kauri, nauyi ya hau, sannan ya kwanta ya ɗaure, yana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Wasu makanikai buhun siminti suke ɗorawa. Wasu ba sa ɗora komai. Shi mutanen yake so, su da kansu, kowa a mazauninsa.

Sabiru, direban ƙaramar bas da ke jigilar masu umara, ya ba da labarin wata rana da sifirin baya ya karye masa dab da miƙati, da mutum goma sha huɗu a ciki, duk sun riga sun ɗaura harami. Aka tura motar warsha, alhazai suka sauka suka nemi inuwa. Da Maigandi ya gama haɗawa sai ya leƙo ya ce, "Ku koma ku zauna, kowa a kujerarsa, da jakunkunanku."

Wani dattijo ya fusata. "Malam, da harami a jikinmu za ka mai da mu buhunan siminti?"

"Alhaji, buhu ba ya yi mini addu'a. Hau."

Suka hau. Zafi ya ishe su, wani ya ɗauko talbiyya, sauran suka amsa. Suna labbaika a sama, shi yana ja da sifana a ƙasa, kowane noti da nasa zagayen. Sabiru ya ce shekara tara ke nan, bai sake taɓa wannan sifirin ba, kuma har yau in ya zo wannan kwanar sai ya ji bakinsa yana motsi.

Wani saurayi kuma, ɗan masu hali, ya taɓa matsa masa sai ya ba shi mota kafin a gama cire iskar birki, wai ana jiransa. Maigandi bai yi musu da shi ba. Ya kwance taya ɗaya, ya mirgina ta inuwa, ya zauna a kai, ya ci gaba da cin gurasarsa. Saurayin ya yi ta zazzaga Larabci. Da ya gaji ya zauna.

Cire iskar birki aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki yana taka feda, ɗaya yana ƙasa yana buɗe ɗan bututun da iska ke fita, har man birki ya zo ba kumfa. A warsha abokan aiki ke taka masa. Amma ran Alhamis da Juma'a, idan 'yan unguwa suka kawo masa motocinsu cikin hosh, farfajiyar gida, Iyatu ce mai takawa. Ba ta taɓa tuƙa mota ko taku ɗaya ba, a ƙasar nan mata ba sa tuƙi. Amma ban san direban da ƙafarsa ta taka birki iri-iri kamar tata ba. Takan cire takalmi, ta gyara mayafi, ta zauna a kujerar direba. Sai ka ji su:

"Taka. Taka. Taka. Riƙe."

"Na riƙe."

"Saki."

Hukuncinta kala biyu ne. Ko ta ce, "Akwai iska," ko ta ce, "Ta yi dutse." Ba motar da ke fita daga hosh ɗin nan sai Iyatu ta ce ta yi dutse.

Abu ɗaya Maigandi yake nema a duniya, kuma duk unguwa an sani. Bai gina gida a Damagaram ba. Bai sayi mota ba, shi da ya gyara dubbai. Kowace Juma'a in an sauko daga Harami, masallacin Annabi, yakan bi ta jikin katangar maƙabartar Baƙi'a, ya tsaya, ya yi sallama ga mutanen ciki, ya daɗe. Yana so ajalinsa ya same shi a Madina, a sa shi a nan. Kuma abin da ya riƙe shi a garin ba wani abu ba ne illa takardar da ke aljihunsa, mai cewa makaniki. Ranar da ya ajiye sifana, takarda ta mutu. Ranar da takarda ta mutu, sai jirgi.

Ya san haka. Ku riƙe wannan, don shi ne labarin.

Yana da aboki, Abdulsalam, tsohon malamin lissafi, ɗan ƙasa, gidansa yana unguwar Bani Harisa. Kakansa ne ya tako daga Kano da ƙafa, ya iso ya zauna. Shi Abdulsalam bai taɓa ganin Kano ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce, amma tun da ya ji cewa Bakano da Badamagare abokan wasa ne, ya riƙe wannan gado da hannu biyu.

"Ya bawan Kanawa, kef halak?"

"Lafiya lau, Bakanon da bai san hanyar Kano ba."

Haka suke gaisawa, shekara ashirin.

A 1996 Abdulsalam ya ga wata mota a mujalla, irin wadda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a akwatuna, mutum ya haɗa abarsa a gida. 'Yar ƙarama, ja, kujera biyu, ba rufi. Ya aika aka kawo ta jirgin ruwa. Matarsa Fatna ta ga akwatuna tara a hosh ta ce ita dai ba ta ga mota ba, ta ga wurin shanya. Shekara biyu yana fama. Ya kafa ƙashin motar, ya ɗora inji, ya haɗa gaba. Saura baya, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Motar ta zauna shekara biyar, gabanta a kan taya, bayanta a kan bulo, lulluɓe da tamfol. Maganar Fatna ta tabbata, a kai take shanya.

Farkon bana jikin Abdulsalam ya sake tashi. Da aka sallamo shi daga asibiti ya kira ɗansa Haisam, magidanci ne, yana aiki a wani otal kusa da Harami, ya ce masa da harshensa mai nauyi, "Ina so in ji tana tafiya da ni. Ko daga nan zuwa ƙofa."

Kowa ya san ba za ta samu lamba ta hau titi ba. Amma kawun Haisam yana da gonar dabino a bayan gari, da hanya miƙaƙƙiya a tsakiya. Haisam ya zo wurin Maigandi. Maigandi ya ce, "Wa zai hau?" Haisam ya ce, "Abuya," wato mahaifinsa. Maigandi ya ɗauki jakar sifanunsa.

Mako shida suna kai, Alhamis da Juma'a bayan la'asar. Haisam ya karanta littafin haɗawa da Turanci, ya juya da Larabci, Maigandi ya amsa da Hausa, Abdulsalam yana kan kekensa a inuwa yana ba da umarnin da ba mai bi. Hannuwan ƙarfe huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Bushin a matsa su da ruwan sabulu, ba da mai ba, don mai yana cin roba. Sifirin a kan shok. Noti goma sha biyu sako-sako, kowanne da jan zarensa. Haisam ya ce bai taɓa ganin hannu irin wannan ba. Mutum yana kallon sama yana hira, yatsunsa suna ɗaura noti a lungun da ido ba ya kaiwa.

Haisam bai san dalilin da ya sa yake kallon sama ba.

Shekara guda ke nan idon Maigandi yana tafiya. Iyatu ce ta fara gani, ranar da ya zuba shayi a gefen kofi. Ta goge. Likita ya ce ciwon ya ci jijiyar ido, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu. Maigandi ya ninke takardar likita ya sa a ƙarƙashin katifa. Bai gaya wa kafil ba, bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa kansa hannu yana gani. Kuma gaskiya ne, hannun yana gani. Sai dai hannu ba ya karatu.

Wata Alhamis aka kira Haisam otal, masu umara sun yi yawa. Maigandi ya rage shi kaɗai a hosh, Abdulsalam yana gyangyaɗi. Abin da ya rage a ranar shi ne kalifa guda biyu, muƙamuƙan ƙarfen da ke cizon faifan birki. Kamar tagwaye suke. Haisam ya taɓa karanto masa cewa kowace da harafinta a jiki, ta hagu da ta dama. Ya ɗauki ɗaya ya fita rana, ya juya ta, ya kawo ta kusa, ya kai ta nesa. Dishi-dishi kawai. Ya shafa da babban yatsa, fenti ya cike harafin.

Fatna tana kicin, yana jin ƙarar tukunya. Taku goma ne. Sai dai ya ce, "Hajiya, duba mini wannan." Shi da kansa ya gaya mana daga baya cewa taku goman nan sun fi masa nisa a kan Damagaram.

Ya yi ƙiyasi. Kayan duk a shimfiɗe suke a kan tabarma, inda ba sama ba ƙasa, kuma kowace kalifa ta shiga kowane gefe ba gardama. Ya ɗaure. Washegari Haisam da abokansa suka ɗaga suka kafa a jikin motar, Haisam ya haɗa bututun mai.

Juma'ar da ta biyo ita ce ranar cire iska. Iyatu ta zo, ta gaisa da Fatna, ta cire takalmi ta shiga 'yar jar motar tana cewa wannan ai ba mota ba ce, kwando ne mai taya. Aka tura keken Abdulsalam kusa. Aka yi birkin gaba, lafiya lau. Maigandi ya ja kwalinsa ya koma baya, ya kwanta, ya miƙa hannu saman kalifa inda ɗan bututun iska yake zama.

Ƙarfe sumul.

Ya zame da yatsunsa ƙasa. Ga shi nan, a ƙasa.

Iska sama take hawa, ko yaro ya sani. Bututun da ke ƙasa zai fitar da mai har gobe, iskar tana zaune a sama abinta. Ta hagu tana dama, ta dama tana hagu. Ba wanda ya gani. Taya ta kare, kuma ba mai kwanciya a ƙasa sai shi.

Ya ce mana ya daɗe a kwance yana kallon cikin motar da ba ya gani sosai. Ya yi lissafi. In ya buɗe, mai zai fito, kowa ya ga mai. Birki zai kama rabi. Ba yau za a fita da ita ba. Ran Asabar sai ya zo shi kaɗai da wani uzuri, ya juya su. Shi ke nan. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani, takarda tana aljihu, Baƙi'a tana nan.

Ba zan ɓoye ba, don shi bai ɓoye ba. Ya buɗe bututun.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe."

"Na riƙe."

"Saki. Yaya?"

"Akwai iska."

Suka sake. Mai ya fito tas, ba kumfa ko ɗaya.

"Yanzu fa?"

"Malam, kamar ina taka katifa."

"Hajiya, taka da ƙarfi mana."

"Shekara nawa ina taka maka? Yau za ka koya mini?"

Karo na uku ma haka. Haisam ya durƙusa ya leƙo, ya kira shi ammi, wato baffa. "Ya ammi, akid, tabbas daga masana'anta ne. Kayan ne ba su da kyau. Mu aika a kawo wasu, halas."

Abdulsalam ya gyaɗa kai. "Shekara bakwai a akwati. Ko mutum ne ya lalace."

Ga ƙofa an buɗe masa, har biyu. Mutanen da suka yi kayan suna wata ƙasa, ba za su taɓa jin an zarge su ba. Sai Iyatu ta sunkuyo ta gefen motar, ta yi magana a hankali, kamar shi kaɗai take wa.

"Malam, ni dai ƙafata ba ta ce dutse ba. Fito ka sha iska."

Ya fito. Ya zauna a kan kwalin, ya goge hannunsa da tsumma yatsa bayan yatsa.

"Kayan lafiyarsu ƙalau," ya ce. "Ni ne. Na sa ta dama a hagu, ta hagu a dama. Ban ga harafin ba, Haisam. Na ji kunyar tambaya. Shekara guda ke nan ba na gani sosai."

Fatna ta tsaya a bakin kicin da faranti a hannu. Abdulsalam ya motsa bakinsa da ƙyar ya ce, "Dama Badamagare ya taɓa sanin hagu da dama?" Ba wanda ya yi dariya, sai shi Maigandin, kaɗan.

"Basiɗa, ya ammi," in ji Haisam. "Ƙaramin abu ne. Rabin awa mu juya su. Wallahi ba wanda zai ji daga bakinmu."

"Wannan rabin awa ne. Na warsha fa? Mota shida a rana, kowace da mutanenta, kowace Makka za ta. A nan ina da mako shida da ƙafar Iyatu. A can wa nake da shi?"

Iyatu ta sauko ta sa takalminta. Ita ma shekara ashirin da ɗoriya ta yi a garin nan, ita ma tana da katangar da take tsayawa. A hanyar gida ta ce masa, "Ka san abin da ka faɗa?"

"Na sani."

"To. Zan fara haɗa kaya."

Ran Asabar ya shiga motar ma'aikata kamar kullum, da gurasarsa. Bai shimfiɗa kwali ba. Ya wuce ofishin Abu Saif ya ajiye takardar likita a kan tebur. Abu Saif dattijo ne, tare suka tsufa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce ba inda za shi. Ya ce a kawo kujera a ajiye a bakin warsha, Maigandi ya zauna ya sha shayi, yara su yi aikin, iƙama ta ci gaba da cewa makaniki.

"Ya Mu'allim, mutane sunanka suke biyowa. Zauna kawai su gan ka."

"Shi ne abin da nake tsoro. Za su gan ni su ce Maigandi ya duba. Ni kuwa ban duba ba."

"Baƙi'a fa? Shekara nawa kana faɗa mini?"

"Ina son Baƙi'a, ya Abu Saif. Amma ba na so in shiga in tarar da wanda birkina ya riga ya kai."

Sa'id, makanikin da ke aiki kusa da shi, yana bakin ƙofa, shi ya ba mu wannan labarin.

Abu ɗaya ya roƙa kafin a rufe takardarsa. Ya ce a nemo masa duk motar da ya taɓa tun azumin bara. Ba rubutu yake yi ba, a ka yake riƙe su, da launinsu da direbobinsu da abin da ke damun kowace. Sabiru ya bi tasha-tasha yana faɗa. Suka riƙa zuwa, yau uku gobe biyar. Sa'id ya kwanta a ƙasa da idonsa, Maigandi yana tsugune yana faɗa masa inda zai duba. Kowane direba ya tambayi dalili, kowanne kuma ya ba shi amsa ɗaya, a fili: "Idona ya tafi, ban faɗa da wuri ba." A cikinsu duka aka samu ɗaya da ɗan fin ɗin da ke kulle noti bai shiga raminsa ba. Motar 'yan makaranta ce. Ya karɓi fin ɗin ya sa a aljihu.

Haisam ya yi wata biyu yana zirga-zirgar ofisoshi, ko za a mai da iƙamar hannunsu. Shekaru sun yi yawa, sana'ar da ke takarda ba ta dace ba, je ka dawo, je ka dawo. Takarda ba ta fita ba.

Juma'ar da ta wuce aka koma hosh ɗin Bani Harisa. Wannan karon Haisam ne a ƙasa. Ya kwance, ya karanta haruffan da ƙarfi, ya juya, ya ɗaure. Maigandi ya miƙa hannu ya shafa. Bututu a sama. Iyatu ta cire takalmi.

"Taka. Taka. Riƙe," in ji Haisam, da Hausarsa mai karkata.

Sau huɗu. A na biyar ta danna, ta sake dannawa, ta jingina da baya.

"Ta yi dutse."

Fatna ta rangaɗa guɗa. Aka sauke motar a kan katakai. Saura jan zare goma sha biyu. Maigandi ya tattara kwalinsa, bakinsa ya riga shi: "Wa zai hau?"

"Ni da bawana," in ji Abdulsalam.

"Ni ƙasa nake shiga."

"Yau sama. Yalla."

"Nauyina ba na Haisam ba ne, shi zai tuƙa."

"Kilo biyu ne tsakaninku, ni malamin lissafi ne. Hau, kada in aika Kano a zo a kama ka."

Aka ciccibi Abdulsalam aka sa a kujerarsa. Maigandi ya tsaya jim, sannan ya cire takalmi kamar mai shiga masallaci, ya zauna a kujerar direba. Motar ta nitse kaɗan, ta zauna. Shekara ashirin da tara yana sa mutane su hau, bai taɓa sanin yadda ake ji a sama ba. Ya ce ashe ana jin sifanar a ƙashin baya. Ya rufe ido yana saurare.

"Ƙara kaɗan. Ƙara. Ya isa."

Haisam yana ɗaurewa, yana tsinke zare, yana miƙo masa. Da ya ce ya gama ya fara jan jiki zai fito, Maigandi ya laluba zaren a tafin hannunsa.

"Sha ɗaya. Koma."

"Ya ammi, wallahi na gama."

"Bayan shok na hagu, ta sama. Koma."

Ya koma. Zaren yana nan.

Washegari da safe aka ɗora ta a babbar mota zuwa gonar dabino. Haisam ya tuƙa, ubansa a gefe an ɗaure shi da bel, ghutrarsa, mayafin kansa, tana tashi. Suka tafi ƙarshen hanya, suka juyo da gudu. Muna jin Abdulsalam yana ihu, mutumin da shekara biyar ba a ji muryarsa ta wuce ɗaki ba. Maigandi yana tsaye a gindin dabino, ba abin da yake gani sai wani jan abu yana girma. Ya karkata kai. Haisam ya taka. Tayoyi huɗu suka ciji ƙasa lokaci ɗaya, motar ta tsaya miƙe, ba ta ja hagu ba, ba ta ja dama ba.

"Ta tsaya daidai," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Mu'allim, kai ne ka kwanta a ƙarƙashin alhazai shekara ashirin da tara, suna kiran Ubangiji a samanka, ba su san sunanka ba. Kai ne mai tambayar wa zai hau. Maigandi na Iyatu, mai tsayarwa. Mun daɗe muna alfahari da hannunka, muna nuna wa Larabawa da Turkawa da 'yan Pakistan muna cewa namu ne. Amma ba don hannun na ɗauki biro ba. Masu hannu suna da yawa. Kai ne aka buɗe wa ƙofa biyu ka ƙi fita ta ko ɗaya. Kai ne ka fito daga ƙarƙashin mota ka ce ni ne, kana sane da abin da kalmar za ta ci maka. Ka ajiye abu ɗayan da ka taɓa roƙo, saboda mutanen da ba za su taɓa sanin ka ajiye ba.

An ce jiya ka je jikin katangar, ka yi sallama kamar kullum, ka ƙara da cewa ka zo bankwana. Ba mu san inda ƙasar kowa take ba. Muna roƙon Wanda ya ga abin da ka bari Ya ba ka abin da ya fi shi, Ya haɗa ka da mutanen cikin katangar nan ko daga ina aka tashe ka. Mun gode. Mun gode wa Hajiya Iyatu, da ƙafarta da ba ta taɓa yi wa kowa kara ba, har mijinta.

Ku kuma da ran mutane ke hannunku, direba ne kai, ko mai haɗa waya, ko mai ba da magani, ranarku tana zuwa. Ido zai rage, ko hannu ya fara rawa, kuma ku za ku fara sani kafin kowa. Ranar nan ku tuna da taku goma tsakanin tabarma da kicin. Ku taka su. In kun kasa, to ku fito ku faɗa da bakinku, tun ba a faɗa muku a bakin hanya ba.

Sauka lafiya, Mu'allim. Ka gaida Rakiya. Motar da za ta kai ku Jidda ta Sabiru ce, ya rantse ba mai ɗaukar ku sai shi. Hau ka zauna, kada ka leƙa ƙasa. Birkinta kai ka ɗaure, Sa'id ya duba, Iyatu ta taka ta ce ta yi dutse.